Ribit Tara a Wutsiyar Jirgi

Yanzu idan mutum ya bi ta Ƙofar 'Yandaka da hantsi, abin da zai ji kukan babura ne da na janareto. A zamaninmu ƙarar guduma ce take tashin unguwar. Rumfunan masu aikin gwangwani suna jere, kowace da irin bugunta, har nakan gane ko Baffana ya riga ni fitowa tun ban sha kwana ba, domin shi sau biyu yake bugu sannan ya ɗan dakata kamar mai sauraron wani abu. Akwatunan ƙarfe muke yi, da bokitai, da mazurari. Ba mu da walda. Duk abin da za a haɗa, huda shi ake yi, a zura wata gajeriyar ƙusa marar tsini da muke kira ribit, a tokare ta da ƙarfe, a dake ta har gindinta ya baje ya riƙe. Bokitin da ya fita daga rumfarmu sai ya ga jikokin mai shi. Yau roba ta cinye sana'ar, rumfunan sun koma shagunan cajin waya. Kwanan baya na ga wani mai gyaran keke mai ƙafa uku yana saka ribit da wani abu kamar filaya: ya zura, ya matsa, ta yi ƙas, shi ke nan. Shi kaɗai, babu mai riƙe masa ta ciki. Na daɗe a tsaye ina kallonsa har ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, na wuce, amma ranar ban iya cin abincin rana ba.

Akwai wani mutum kwance a Kambarawa, a gida mai bene. Ɗan baffana ne, a ɗaki ɗaya muka tashi, kuma Yaya nake ce masa har yau domin ya girme ni da shekara uku. Ba zan rubuta sunansa ba. Ba don in rufa masa asiri ba, hannuna ne ba ya son rubuta shi. Ciwo ya kayar da shi, kuma sau biyu 'ya'yansa suna zuwa gidana da goro da girmamawa, wai mahaifinsu yana neman gafarar kowa, ni ma in je in yafe masa. Ni karatuna bai wuce firamare ba, kuma mutum ne ni mai yawan damuwa, irin wanda zai kulle ƙofa ya yi nisa sannan ya dawo ya sake jan kwaɗon. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin yadda ya faru, har da nawa laifin, kada in ɗora masa ko ƙwayar gero ɗaya da bai yi ba. Abin da ya yi ya isa. Sunana ya ɓata a garin nan tun ina da ƙuruciya, kuma ina so ya gyara shi da bakinsa, a gaban mutane, kafin ɗayanmu ya mutu.

Farkon abin wani mutumin Filato ne, Kirista, ma'aikacin gwamnati da aiki ya kawo Katsina ya zauna har ya yi ritaya. Kowa Injiniya yake ce masa. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a wurin gyaran jiragen sama, kuma abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. A lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a Kambarawa. Ya kafa rumfar kwano a bayan gidansa, ya ce jirgi zai ƙera mai ɗaukar mutum ɗaya, da injin ƙaramar motar nan mai kama da kunkuru. Mutane suka yi dariyarsu suka gaji. Wata rana ya zo rumfarmu sayen akwati. Bai dubi fentin ba, bai tambayi kwaɗo ba. Ya buɗe murfin, ya zura hannu ciki, ya bi layin ribit da yatsa idonsa a rufe, sannan ya tambayi Baffa wanda ya yi. Baffa ya nuna mu, ni da Yaya. Watanni kaɗan ke nan da aurena. Aka yi magana tsakanin manya, aka ba da aron mu, muka fara zuwa Kambarawa a kan keke ɗaya, Yaya yana tuƙi ina baya riƙe da ƙunshin abincinmu.

Aikin jirgi ba irin na bokiti ba ne. Fallen alminiyam ne siriri kamar bangon littafi, ribit ɗin kuma daga ƙasar waje aka aiko masa da su cikin 'yan jakunkuna, ba a samun irinsu a kasuwa, don haka ko ɗaya ta faɗi sai an durƙusa an nemo ta. Ba a dukan su da guduma. Akwai bindigar iska da ake haɗa wa kwamfuresa, wato injin da ke hura mata iska, idan aka danna ta sai ta yi ɗan gurnani gajere. Mutum biyu ke aikin. Ɗaya yana waje da bindiga a kan ribit, ɗaya yana ciki ya tokare gindinta da dunƙulen ƙarfe mai santsi. Ba sa ganin juna, kuma kukan kwamfuresa ba ya barin a ji magana. Sai Injiniya ya koya mana ƙwanƙwasa a jikin fallen. Sau ɗaya, a ƙara bugu. Sau biyu, ta yi, a wuce gaba. Sau uku, ta lalace, a huda ta a cire a sa wata. Ya kuma gaya mana tun ranar farko cewa kan ribit na waje na mai bindiga ne, gindinta na ciki kuwa na mai tokarewa ne, domin shi kaɗai ke ganin sa. Yaya dogo ne mai faɗin ƙirji, mai son a gan shi da kayan aiki a hannu, sai ya ɗauki bindiga. Ni siriri ne, sai na shiga ciki.

Ban taɓa son wani aiki kamar yadda na so wannan ba. Gindin ribit mai kyau yakan zauna daram, zagayayye, kamar ƙwayar magani. Injiniya ya ba ni wani ɗan siririn ƙarfe mai rami da tsaga a baki: idan gindin ya cika ramin kuma ya wuce ta tsagar daidai, ya yi. Inda wuri yake da faɗi ba wahala. Wahalar tana cikin fiffike, tsakanin haƙarƙarin da ke riƙe da fallen, inda hannu yake shiga amma dunƙulen ƙarfe ba ya shiga, ko ƙarfen ya shiga ido bai bi shi ba. Na je wurin maƙera na samo guntayen sifirin mota, na yi kwanaki ina wasa su a dutse har suka yi ƙyalli. Ɗaya na yi shi falle kamar harshe, ɗaya na lanƙwasa bakinsa kamar ƙafar akuya, ɗaya na sa masa dogon mariƙi. Nakan naɗe gefensu da tsumma kada su karce alminiyam. Na fasa madubin amaryata na ɗaura ɓallin a kan waya don leƙen lungu, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Inda madubi ma ba ya kaiwa, sai in manna kakin zuma a yatsa, in danna a gindin ribit, in fito da shi in duba hotonsa a haske. Ranar da Injiniya ya ga wannan dabarar ya kira matarsa, wadda muke ce wa Mama, ta zo ta gani, ya ce ko a inda ya koyi aiki bai ga an yi haka ba. Tocila a baki, gumi a ido, gwiwa a kan buhu, haka nake wuni. Samarin yanzu suna da fitila a goshi da 'yar kyamara a kan waya mai shiga kowane rami, kuma duk da haka sai ka ga aikinsu yana karkarwa.

Zaman gidan mai daɗi ne. Idan aka kira azahar, Injiniya da kansa yake kashe kwamfuresa ya ce mu tashi, ya ajiye mana buta da tabarma a gindin dalbejiya. Lahadi babu aiki. Mama takan kawo mana gwate mai zafi a kwanon sha, ta tsaya sai ta ga mun cinye. Abu ɗaya ne ke kawo gardama: yawan ƙwanƙwasata. Idan ban gamsu da ribit ba, uku nake bugawa, ko da za a ce ta kusa. Yaya ya sa mini suna Malam Uku. Yakan ce da ni aka ba aikin haƙa rijiya da garin nan ya mutu da ƙishirwa. Wata rana ya ajiye bindiga ya ce wa Injiniya, “Oga, wanga ƙanen nawa ko bacci shikai uku yake bugawa, matarshi ta kawo ƙara.” Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, “Bar shi ya buga. Ni zan hau, ba kai ba.” Yaya ma ya yi dariya, amma na ga yadda ya dubi jakar ribit. Ta fara yin sauƙi, kuma yawancin waɗanda aka cire bindigarsa ce ta zame ta ɓata su.

Ranar wata Juma'a ce, cikin zafin bazara. Saura wutsiya. Jikin jirgin yana tsukewa ta baya kamar mazurari, kuma can ƙarshe, inda ya fi matsewa, akwai wani ƙarfe da ke riƙe da fallen da ke ɗaga hancin jirgi ya sauke shi. Ribit tara ke riƙe da wannan ƙarfen. Injiniya ya tafi wurin kafintan da ke sassaƙa masa farfela, fankar nan ta hancin jirgi, ya bar mu mu biyu. Na shiga ta ƙofar leƙen wutsiyar da rarrafe har kafaɗuna suka cije, na miƙa hannu ɗaya gaba da ƙarfe mai dogon mariƙi, kuncina manne da falle mai zafi kamar tanda. Bindiga ta yi gurnani, na ji a hannuna cewa ba ta zo a miƙe ba. Na leƙa da madubi, na ga gindin ya kwanta gefe kamar ƙusar da aka daka a karkace. Na buga uku. Sai na ji bindiga ta koma rami na gaba. Dole na bi ta da ƙarfen, domin idan aka harba babu tokari fallen ne zai lotse. Ta biyu ma ta kwanta. Na buga uku. Haka muka tafi har tara, yana gudu ina binsa, biyu kawai suka zauna daidai. Na ja jiki na fito da baya, kaina yana juyawa.

Na ce, “Yaya, ba ka ji ba? Uku nake bugawa.”

Ya ce, “Na ji mana. Kai yaushe ba ka buga uku? Duba jakar nan ka gani nawa suka rage. Tashi mu tahi masallaci kar mu rasa huɗuba, in mun dawo ni zan cire su da kaina.”

Bayan sallah aka aiko cewa matata ba ta da lafiya, cikin fari yana wahalar da ita, sai na wuce gida. Da na zo ranar Asabar, na tarar an rufe ƙofar leƙen wutsiyar da murfinta, an ɗaure da sukurori shida, har an shafa fenti a kai. Na tambayi Yaya a hankali. Ya ce ya gyara, ya sami wani ya riƙe masa. Na san babu wani a unguwar da kafaɗarsa za ta shiga wurin, kuma ƙarfena mai dogon mariƙi yana nan inda na rataye shi, yadda na naɗe shi. A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye ba. A gidanmu ƙane ba ya bin bayan aikin wansa ya bincika, kuma ba ya kai ƙararsa wurin bare. Haka Baffa ya raine mu, yakan ce idan muka sami saɓani mu kawo masa, kada wani na waje ya ji. Ban kai wa Baffa ba, don ina tsoron a ce na ƙaryata babba. Sukurori shida ne kawai. Mako uku ina yawo da sukundireba a aljihu. Sau da yawa na tsaya kusa da wutsiyar har hannuna ya shiga aljihun, sai in ji motsin Yaya in fasa. Sau ɗaya na bi Injiniya har bakin ƙofa, ya juyo ya ce mene ne, na ce ina so ne in yi masa sannu da aiki. Nakan ce wa kaina wataƙila ya gyara ɗin, wataƙila ni ne da damuwata da kowa ya sani.

Da sassafe aka kai jirgin wani fili mai shimfiɗa ta wajen Batagarawa, an cire fukafukan an ɗora a mota, aka sake haɗawa a can. Manoma suka bar abin da suke yi suka taru. Mama ta yi addu'arta, mu ma muka yi tamu. Injiniya ya sa hular babur, ya daki kafaɗata ya shiga. Ya yi gudu a ƙasa sau biyu ya dawo. A na uku ƙafafun suka bar ƙasa. Na gani da idona, jirgin da muka haɗa da hannunmu ya tashi, ya kai tsayin bishiyar mangwaro, inuwarsa tana gudu a kan kunyoyin gona. Mutane suna ihu, ni kuwa wutsiyar kawai nake kallo. Na ga fallen baya ya yi rawa, ya karkace, sai hancin ya duƙa. Ƙarar ba ta da yawa ma, kamar an yar da tarin kwanuka. Injiniya bai mutu ba. Bayansa ne ya karye, bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba.

Yana kwance a asibiti ya sa aka yanko masa wutsiyar aka kawo. Ya ga ribit bakwai a kwance, sun zare daga ramukansu. Don kada magana ta je hannun hukuma, manya suka ce a zauna a zauren mai unguwa. Akwai Baffa, akwai liman, akwai dattawa biyu daga cocin su Injiniya. Yaya ya fara magana, ya ce shi yana waje, abin da ya ji shi ya bi, kuma biyu ya ji. Na fara nawa bayanin tun daga jakar ribit, ina komawa baya ina gyara abin da na faɗa don kada in yi kuskure, har mai unguwa ya gaji ya ɗaga hannu. Ya ce zancen ya yi tsawo, a kawo Alƙur'ani, kowannenmu ya yi alwala ya rantse cewa babu laifinsa a faɗuwar jirgin nan. Yaya ya tashi, ya yi alwala, ya dafa, ya rantse, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Aka juyo kaina. Na yi alwala, na zo na durƙusa, na miƙa hannu, sai na tuna sukundireban nan da ya yi mako uku a aljihuna. Da cewa aka yi in rantse uku na buga, da na rantse sau ɗari. Amma a ce babu laifina? Na janye hannuna, na ce ba zan iya ba, akwai laifina a ciki, amma a bar ni in faɗi irinsa. Ba wanda ya saurari rabin na biyu. Baffa ya sunkuyar da kai. Mai unguwa ya ce to magana ta fito, ɗaya ya rantse, ɗaya ya amsa. Aka shafa fatiha aka watse.

Daga ranar na zama Mai Jirgi a bakin mutanen gari, kuma ba da girmamawa ake faɗa ba. Mai sayen akwati yakan tambayi Baffa wanda ya yi, idan ni ne ya ce a ba shi wani. Baffa ya mayar da ni liƙe bokitan da suka huje, aikin da ake ba wanda bai iya komai ba, kuma a kansa na tsufa. 'Ya'yana sun ji sunan a makaranta kafin su ji labarin daga bakina. Ranar da su Injiniya za su koma Filato na je, na tsaya daga nesa har aka gama loda kaya. Na gai da Mama, ta dube ni ba ta amsa ba. Na durƙusa gaban keken da ake tura Injiniya a kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, “Da ka buga uku, ai da mun cire.” Na ɗaga kai zan yi magana, sai na ga hannun da ke riƙe da bayan keken. Yaya ne, yana kallona, yana jira. Na mayar da kaina ƙasa. Injiniya ya bar masa kwamfuresa da bindiga da duk kayan aikin, har da ƙarafan da na wasa da hannuna. Da su ya buɗe garejin gyaran bodin mota, daga nan ya zama Alhaji, ya gina bene ba nisa da inda rumfar jirgin take. Injiniya ya rasu a garinsu yana ɗauke da abin da ya ɗauka game da ni. A shekarun nan har samari suke zuwa da wayoyinsu suna ɗaukar Yaya yana ba da labarin yadda suka ƙera jirgi a Katsina. Jikana ya nuna mini. A ciki Yaya ya ce an sami ɗan sakaci daga wani ma'aikaci, Allah ya yafe masa. Na sa yaron ya mayar mini da wurin sau huɗu.

Makon jiya na je duba Yaya. Babban ɗansa ne ya ɗauke ni a mota. Ɗaki ne mai sanyin na'ura, ga matarsa Hajiya a gefe, ga 'ya'ya biyu a tsaye. Yaya ya rame har na ga ƙashin kafaɗar nan da a da ba ta shiga wutsiya. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, na tambayi jiki, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kama hannuna ya ce zaman tare ba ya rasa saɓani, duk abin da ya yi mini da sani da rashin sani in yafe masa, shi ma ya yafe mini. Na tambaye shi wane abu ke nan, ya faɗa mini sunansa, don in san abin da zan yafe. Hajiya ta dube ni. Yaya ya ce su ba mu wuri. Suka fita, aka ja ƙofa.

Ya ce, “Har yanzu kana nan da halinka.”

Na ce ina nan.

Ya dubi silin. Ya ce, “Uku ka buga. Na ji, kuma ban cire ba. Ribit ɗin sun ƙare, na ji kunyar gaya wa Oga ni na ɓata su. Shi ke nan? Ka ji abin da kake so?”

Shekara da shekaru ina zaton idan na ji wannan maganar zan yi kuka ko in ji sanyi. Ban ji ko ɗaya ba. Na ce, “Ni ai na sani, Yaya, ina ciki. Ba ni ke buƙatar ji ba. Bari in kira su ka maimaita.”

Ya riƙe rigata da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ya ce in dubi girman Allah, 'ya'yansa ne, da jikoki, da surukai, yaya za su dube shi idan suka ji ya rantse a kan ƙarya. Na ce nawa 'ya'yan ma sun yi shekaru suna dubana. Na zare rigata, na buɗe ƙofa na kira su. Kafin su shigo ya juya fuska bango ya rufe ido. Hajiya ta ce ya gaji, a bar shi ya huta. A mota ɗansa ya tambaye ni, “Baffa, an daidaita?” Na so in gaya masa. Amma maganata ce kawai za ta zama, kamar yadda ta zama a zauren mai unguwa, tsoho mai liƙe bokiti yana ƙullatar mai kuɗi a gadon ciwo. Na ce masa ba mu gama ba tukuna.

Na san abin da malamai suke faɗa game da yafiya, kuma abin yana damuna. Nakan zauna in yi ta juya shi, ko ina cutar da kaina, ko Allah zai kama ni da taurin zuciya. Na je na tambayi limaminmu ba tare da na ambaci suna ba. Ya ce yafewa ta fi lada, amma wanda aka zalunta ba a tilasta masa, haƙƙinsa ne. Na ce to zan riƙe haƙƙina. Na kuma roƙe shi ya raka ni duba wani marar lafiya, ya ce duk ranar da na shirya. Na nemo lambar 'yar Injiniya da ke zaune a Jos, ta ce idan na kira za ta saurara, ko mene ne.

Tun daga ranar, bayan kowace sallah, ina yi wa Yaya addu'a da suna. Ina roƙon Allah ya tsawaita ransa, ya bar masa hankalinsa, ya bar masa harshensa. Wani ya ji ni a masallaci ya kai wa 'ya'yansa, suka zo jiya da buhun shinkafa suna godiya, babban har da hawaye, wai ba su san ina son mahaifinsu haka ba. Na ce su mayar da shinkafar, ba don ita nake yi ba. Na ce su kula da maganinsa, kada su bari ya tsallake ko sau ɗaya, su riƙa juya shi a gado, su ba shi abin da zai ci ya yi ƙarfi. Ba na so ya tafi yanzu. Ina so ya daɗe.